Koken Masu Bas-Bas a Daura: Matsalar Wuta da Harshen da Ake Bayyana Ta da Shi

Daura mahaɗar hanyoyi ce. Daga cikinta ake miƙewa zuwa Katsina, ko Kano ta Kazaure, ko kuma a bi ta Kwangwalam a tsallaka ƙasar Nijar har Damagaram. Mafi yawan masu bin waɗannan hanyoyi ƙananan bas-bas suke shiga, musamman Toyota Hiace da Volkswagen Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon. Galibinsu 'yan Kwatano ne, wato sun ci zamaninsu a Turai ko wata ƙasar kafin su iso hannun mai su na yanzu.

Idan aka saurari koken masu waɗannan motoci, abin da ya fi yawan fitowa shi ne matsalar “wuta”. Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu a bakin direba, lantarkin da ke tafiyar da mota da kuma gobarar da ke cinye ta, kuma a aikace tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Ana cewa mota ta ƙi tashi, batir ya mutu, fitila ta ɗauke. Duk waɗannan jimloli suna ɗora aikin a kan motar ko wani sashe nata, tamkar abu mai rai da ya yi gardama, ba a ambaton hannun da ya taɓa ta. Sai a wuri guda hannun mutum ke fitowa, inda ake cewa “an yi mata dairek”.

Wannan furuci ya cancanci a tsaya a kansa. Fis wani siririn ƙarfe ne da aka sanya domin ya narke idan lantarki ya wuce kima, ya yanke hanyar kafin waya ta yi zafi. Idan ya yawaita ƙonewa, alama ce ta cewa wata waya ta goge tana taɓa jikin mota. Gano ta kan ci yini, shi kuwa direba yana da balas da zai kai wa maigida da yamma. Sai mai wayarin ya ɗaura zaren waya a madadin fis, ko ya haɗa fanka kai-tsaye da batir. Motar za ta tashi, amma an cire mata abin da ke tsare ta daga gobara. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, yana busar da robar waya har ta tsage, yana kuma rage wa batir kwana. Idan aka ƙara da jarkar fetur a bayan kujera da ƙofar gefe da ba ta buɗuwa sai daga waje, ƙaramin tartsatsi ya isa ya zama asarar rayuka.

A Amurka, hukumar NHTSA da aka kafa a 1970 tana tattara irin wannan koke daga masu motoci, idan ya yi yawa ta yi bincike, har a tilasta wa kamfani ya janye motar ya gyara kyauta. Sanarwar janyewar ba kasafai take riskar wanda ya sayi motar a hannu na uku ko na huɗu a Daura ba. A nan koken yakan tsaya a rumfar makaniki ko ofishin ƙungiyar NURTW. Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO sun fi ganin abin da ke fili: taya, fitila, lodi, da na'urar taƙaita gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017. Wayar da ke ƙarƙashin dashbod kuwa, a tsayuwar minti biyu a bakin titi babu mai leƙa ta.

Yanzu da Jami'ar Sufuri ta Tarayya ke Daura, injiniyoyin da za ta yaye za su tarar da wannan koke a cikin Hausar tasha yake, kuma fassara shi aiki ne da ya shafi masana harshe.