Tarakta a Daji: Inda Aka Ɗaura Sarƙa Can Hatsarin Yake

Da an kwashe amfanin gona aikin tarakta ya ja baya. Daga Nuwamba har saukar ruwan farko, garma da haro suna jingine, mai tarakta kuwa yana da direban da zai biya, wani ma da bashin banki a wuyansa. Sai a ɗaura mata tirela a fita neman na cefane: yau yashi, gobe bulo, jibi itace. A Kano, mazauna Gawuna da ke bin titin Haɗeja zuwa Yankaba, hanyar da ofishin hukumar KNARDA yake, ba baƙin ganin tarakta ba ne. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne aikin da ake sa ta a can cikin daji: jan gungume, tuge kututture, da fito da itace daga inda babbar mota ba ta isa shiga ba.

Yawancin taraktocin da ke hannun mutanenmu don gona aka ƙera su. Haka Massey Ferguson 375 take, haka tsofaffin Fiat da aka taɓa harhaɗawa a kamfanin NTM da ke titin Zariya, haka Steyr ta Bauchi. Cikinsu a buɗe yake, bututan mai a fili, direba a zaune a sama babu kariya. A shimfiɗaɗɗiyar gona wannan ba komai ba ne. Daji kuwa akwai kututture a ɓoye cikin ciyawa, akwai kwazazzabo, akwai reshen da zai lanƙwashe ya dawo da mari.

Mafi munin hatsarin yakan zo ne a wurin tuge kututture. An sare darbejiya, gindin ya rage, mai gona yana son filinsa. Yaran aiki suka naɗa masa sarƙa, suka duba bayan tarakta suka ga wani ƙarfe a sama, kusa da kujerar direba, inda ake maƙala hannun garma na tsakiya. Nan ya fi sauƙin kaiwa, ba sai an durƙusa ba, kuma a ganinsu daga sama za a fi ɗago gindin. Direba ya sa giya ya taka. Kututture bai motsa ba, tayoyin baya sun kafe a ƙasa. Ƙarfin injin dole ya sami inda zai tafi. Tun da taya ta ƙi juyawa, sai jikin taraktar ya juya a kan tayar. Gaba ya tashi sama. Masu binciken hatsarin taraktoci a Amurka sun auna abin: cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta wuce inda za a iya ceto ta, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta rigingine a kan direbanta. Kafin ƙafa ta lalubo kuloci an gama.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ƙarfen ja da kamfani ya sa a can ƙasa, ƙasa da gatarin tayoyin baya, shi kaɗai ake ɗaura wa sarƙa, domin ja daga nan danne gaban tarakta yake yi. Kututture kuma a haƙa gefensa a sassare saiwoyi kafin a kira tarakta. A ja a hankali da ƙaramar giya, kada a ja baya a fizgo da gudu. Idan sarƙa ta tsinke, duk wanda ke tsaye kusa da ita yana cikin hatsari, don haka 'yan kallo, musamman yara, a kore su nesa tun kafin a tayar da injin.

Sai maganar ƙarfen kariya, wannan baka mai kauri da ke tsaye a bayan kujera. Da yawa an kwance nasu saboda yana kama rassa, wasu taraktocin ma an sayo su na hannu babu shi. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, mace-macen kifewar tarakta kuma suka ragu ƙwarai a can. Amfaninsa yana cika ne idan direba ya ɗaura bel, domin shi ke riƙe mutum a cikin gurbin da ƙarfen ya tsare. Rumfar da mai walda ke haɗawa da fayif da kwano inuwa ce kawai. Ranar kifewa tare da direban za ta lotse. Ƙarfen na asali kuma ba a huda shi, ba a yi masa walda don rataya fitila ko jarka.

Akwai dai aikin da mai walda zai yi a gode masa. Faranti mai kauri a ƙarƙashin injin, ɗaure da noti yadda za a iya kwance shi ranar juyen baƙin mai, yana hana kututture fasa tukunyar mai. Raga a gaban lagireto da fitilu, wata ragar a bayan direba saboda sarƙa. Ɗan guntun fayif a kewaye da bakin iskar taya, don reshe ɗaya ya isa ya tsinke shi a bar mutum a daji da taya a kwance. Ƙarafan nauyi a gaba. Kayan duk ana samunsu a Ƙofar Ruwa.

Tirela ma tana da nata. Ɗanyen itace ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, tirelolinmu kuma galibi ba su da birki. A gangare, irin na yankin Doguwa da Riruwai, kayan ne ke tura taraktar, ba ita ke jan su ba. Da giyar da aka hau tudu da ita ake sauka, ba a sakin ta firi. Birkin tarakta biyu ne, na hagu da na dama, don juyawa a ƙarshen kunya. In za a hau titi sai a haɗe su da sakatarsu, in ba haka ba taka ɗaya da gudu zai wulwula ta. Yaron da ke zaune a kan madigadi yana lilo da ƙafa kuwa, gargada ɗaya ce tsakaninsa da ƙarƙashin taya.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, naci take so. Aikin daji a lokacin hunturu ake yinsa, ƙura ta cika ko'ina, saboda haka filtar iska kullum a duba ta, lagireto a kakkaɓe masa ganye da ƙaiƙayi kafin injin ya fara tafasa. Busasshiyar ciyawar da ke taruwa a kan faranti da gefen salansa ita ke tayar da gobara. A sa giris, a tsiyaye ruwan da ke kwanciya a ƙasan filtar gas, baƙin mai kuma a bi awannin da littafin taraktar ya faɗa. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun san hanyar tayoyin gaba. In bututun haidirolik na yoyo, kada a laluba da hannu: man yana fita da ƙarfin da zai huda fata, a kara masa kwali a gani. Sandar da ke juyawa a baya tana zagaye 540 a minti, wato tara a daƙiƙa. Babbar riga da rawani ba su da wuri kusa da ita.

Kafin duk wannan akwai tambayar da direba ya kamata ya yi wa wanda ya ɗauko shi haya: Alhaji, ina takardar? Falgore da Dansoshiya dazuzzukan gwamnati ne, sara a cikinsu sai da izini, kuma taraktar da aka kama da kaya ita za a fara tsarewa.

Ga mai neman aikin rani da babu ɓuya a cikinsa, dashen itatuwa ma yana buƙatar tarakta. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, ga kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Akwai jan tankar ruwa zuwa gandun renon itatuwa, kai dashe fili, da share hanyar tare gobara a gefen shingayen itatuwa irin na Dambatta. Garmar Delfino, wadda hukumar FAO ta kawo Najeriya da Nijar, tana haƙa ramukan tara ruwa masu siffar rabin wata a kadada 15 zuwa 20 a yini. Ita dai babbar tarakta take so. 375 ba za ta ja ta ba, sai dai ta biyo baya da tankar ruwa.