Su Wa Suka Fi Kowa a Tarihin Ƙwallon Kwando?

Tun da aka kafa babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda aka fi sani da NBA, a 1946, dubban 'yan wasa sun taka filinta, amma sunayen da ke fitowa idan ana neman wanda ya fi kowa ba su da yawa. Hukumar gasar ta fitar da jerin gwanaye 50 a 1996, ta sake fitar da wani a 2021 lokacin cikarta shekara 75, inda aka yi kunnen doki a ƙuri'a har jerin ya koma mutum 76. A duka biyun ba ta ce ga na ɗaya ga na biyu ba. Ta bar wa 'yan jarida da 'yan kallo wannan rigima, su kuwa ba su gaji da ita ba har yau.

A gari irin Potiskum, ƙwallon ƙafa ce ke da gidajen kallo, kuma musun Messi da Ronaldo ne ke raba majalisa biyu. Masu bin ƙwallon kwando tsiraru ne, ga shi kuma yawancin wasannin NBA suna faɗowa ne tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na dare agogon Najeriya. Saboda haka abin da akasari ake gani shi ne gutsattsarin bidiyo a waya, na Facebook ko TikTok: wani ya yi tsalle ya danna ƙwallo a kwando, wani ya jefa daga tsakiyar fili ta shiga. Irin wannan kallo yana fifita mai zuba maki da kuma ɗan wasan zamani. Ba ya nuna mai tsaron gida da ya hana abokin karawarsa sakat na tsawon minti arba'in, balle mutanen da suka yi tashe kafin talabijin ta wadata. Shi ya sa gardamar takan tsaya a kan Michael Jordan da LeBron James, alhali ta fi haka faɗi.

Tushen saɓanin shi ne ma'auni. A kasuwar shanun Potiskum, sa guda zai iya samun tayi uku mabambanta, domin mahauci nama yake dubawa, manomi ƙarfin jan garma, makiyayi kuwa iri. Haka 'yan wasan nan suke. Mai ƙirga kofuna da mai ƙirga maki da mai duba tsawon shekarun da mutum ya yi yana kan ganiyarsa, kowa da wanda zai naɗa.

Idan kofi ne ma'auni, magana ta ƙare a kan Bill Russell na Boston Celtics. Ya buga kaka 13 daga 1956 zuwa 1969, ya ɗauki kofi 11, takwas daga ciki a jere, biyu na ƙarshe kuma yana ɗan wasa yana koci, shi ne baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a gasar. Russell ba mai yawan maki ba ne. Aikinsa kaɗe ƙwallon abokan hamayya kafin ta isa kwando, da cafke wadda ta daki allo ta dawo. Sai dai ba a fara rubuta alƙaluman kaɗe ƙwallo ba sai 1973, bayan ya yi ritaya, don haka mafi girman gwanintarsa ba ta cikin kowane kundi. Masu rage masa daraja suna cewa a farkon zamaninsa ƙungiyoyi takwas ko tara ne kacal a gasar, kuma yana zagaye da ƙwararru. Suna kuma tuna wa mutane cewa Robert Horry yana da kofi bakwai, ya fi Jordan, amma babu mai hankalin da zai sa shi a sahun gaba.

Kishiyar Russell a zamaninsa shi ne Wilt Chamberlain, mutumin da alƙalumansa suka yi kama da kuskuren mai buga takarda. Ranar 2 ga Maris 1962 ya zuba maki 100 shi kaɗai a wasa da New York Knicks, wasan da ba a ɗauka a talabijin ba. A wannan kakar matsakaicin makinsa 50.4 ne a kowane wasa. Ya taɓa cafke ƙwallo 55 a wasa guda, kuma a gaban Russell ya yi hakan. Duk da haka, da aka zo zaɓen gwarzon kakar 1961 zuwa 1962, a lokacin 'yan wasa ne ke kaɗa ƙuri'a, sai suka ba Russell. Ƙungiyoyin mutanen biyu sun haɗu sau takwas a wasannin fitar da gwani, ta Russell ta yi nasara sau bakwai. Chamberlain ya ƙare da kofi biyu. Wannan zaɓe na 1962 ya nuna cewa tun a wancan lokaci, waɗanda ke cikin fili ba su yarda maki kaɗai ne gwaninta ba.

Kareem Abdul-Jabbar shi ne wanda ya fi kowa haɗa ɓangarorin biyu, kuma shi ne aka fi zalunta a gardamar waya. Sunansa na farko Lew Alcindor, ya musulunta yana ɗalibin jami'a, ya bayyana sabon sunansa a 1971, shekarar da ya kai Milwaukee Bucks ga kofinta na farko. Ya ƙara biyar da Los Angeles Lakers. Sau shida ana zaɓensa gwarzon kaka, babu wanda ya kamo shi. Makaminsa jifa guda ce: ya juya wa mai tsaronsa kafaɗa, ya miƙe hannu sama, ya saki ƙwallon daga can ƙololuwa ta yi baka ta faɗa kwando. Da tsayin mita 2.18, babu yadda za a yi a tare ta. Da wannan jifa ya tara maki 38,387 cikin kaka 20, kuma a duk rayuwarsa ta wasa sau ɗaya tak ya ci jifa mai maki uku. Abin da ya rage masa farin jini shi ne ganiyarsa ta faɗo a shekarun 1970, lokacin da gasar ta yi sanyi a idon 'yan kallo, shi kuma mutum ne mai kame kai da ba ya sakar wa 'yan jarida fuska.

Magic Johnson da Larry Bird ne suka farfaɗo da gasar a shekarun 1980, ɗaya da kofi biyar a Lakers, ɗaya da uku a Celtics. Ba a cika rasa su a cikin goman farko ba, ba a kuma cika sa su na ɗaya ba, domin dukansu ba su daɗe ba: Johnson ya ajiye wasa a 1991 bayan an gano yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, Bird kuwa ciwon baya ya kayar da shi.

Hujjar Jordan ita ce mafi sauƙin faɗa. Ya je wasan ƙarshe sau shida da Chicago Bulls, daga 1991 zuwa 1993 da kuma 1996 zuwa 1998, ya ci duka shidan, kuma a kowanne shi aka zaɓa gwarzo. Sau goma yana fin kowa maki a kaka, matsakaicinsa na 30.1 a duk rayuwarsa ta wasa shi ne mafi girma a tarihin gasar, sannan a 1988 an ba shi kambun gwarzon mai tsaron gida. Minti na ƙarshe da ya buga wa Chicago ya isa misali. A wasa na shida na zagayen ƙarshe da Utah Jazz a 1998, ana gaban ƙungiyarsa da maki ɗaya, ya lallaɓo ta bayan Karl Malone ya fizge ƙwallon, ya taho da ita a hankali, ya kauce wa mai tsaronsa, ya jefa saura daƙiƙa biyar. Aka tashi 87 da 86, makinsa 45. Abin da masoyansa ba sa son a ambata shi ne ya yi kaka shida bai ga kofi ba, Detroit Pistons ta fitar da shi shekara uku a jere, kuma bai taɓa cin kofi ba tare da Scottie Pippen da koci Phil Jackson ba. Wani kaso na girmansa kuma aikin kasuwanci ne. Hoton mutumin nan mai tsalle da ke jikin takalma da riguna a kasuwar gwanjo ya kai sunansa inda wasansa bai taɓa zuwa ba.

LeBron James ya zo da wata hujja daban, wato daɗewa. Ya shiga gasar a 2003 yana ɗan shekara 18, ya haura shekara 40 yana cikin fitattu, har ya buga wasa tare da ɗansa Bronny a 2024. Ranar 7 ga Fabrairu 2023 ya wuce makin Abdul-Jabbar, dattijon yana zaune a filin, kuma a 2024 ya zama na farko da ya kai maki 40,000. Yana kuma cikin biyar na farko a tarihi wajen miƙa wa abokan wasa ƙwallon da suka ci. Kofinsa huɗu da ƙungiyoyi uku. Mafi nauyi shi ne na 2016, lokacin da ƙungiyarsa Cleveland ta farfaɗo bayan Golden State Warriors, wadda ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar, ta yi mata uku da ɗaya. A wasa na bakwai, ana 89 da 89, James ya biyo Andre Iguodala da gudu daga baya ya manne ƙwallonsa a jikin allo. Laifinsa a wurin masu suka shi ne ya je wasan ƙarshe sau goma ya faɗi shida, musamman na 2011 da Dallas inda ya yi sanyi. Wannan suka tana da rauni, domin tana nufin wanda aka fitar tun a zagayen farko ya fi wanda ya kai ƙarshe ya faɗi. Adalcin magana shi ne, a ganiya babu kamar Jordan, a jimlar aiki babu kamar James, Abdul-Jabbar kuma yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da su, Russell na biye.

Ga mai karatu a Najeriya, sunan da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Hakeem Olajuwon. An haife shi a Legas a 1963, ya taso yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, kuma gasar da ya fara shiga ita ce ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya, Jordan ya zo na uku. A 1994 ya haɗa kambu uku a kaka guda, gwarzon kaka da gwarzon mai tsaron gida da gwarzon wasan ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa, kuma ya yi hakan ne ba tare da wani babban tauraro a gefensa ba. Ya kaɗe ƙwallo 3,830, har yau shi ke riƙe da wannan tarihi. A Fabrairun 1995, wanda ya dace da watan Ramadan, yana azumi yana wasa, aka zaɓe shi gwarzon wata.

Ana yawan cewa ya ci kofunansa ne saboda Jordan ya tafi hutu. Wannan gaskiya ne a 1994. A 1995 kuwa Jordan ya dawo, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, ita kuma Houston ta lallasa Orlando huɗu da nema, bayan Olajuwon ya wujijjiga David Robinson, gwarzon wannan kakar, a zagayen da ya gabata. Salon ƙafarsa, inda zai yi kamar zai juya hagu, ya yi kamar zai jefa, mai tsaro ya tashi sama shi kuma ya zame ta ƙasa, ya samo asali ne daga ƙwallon ƙafa kamar yadda shi da kansa yake faɗa. Kobe Bryant da LeBron James duk sun je Houston sun ɗauki darasi a wurinsa. Kofi biyu ba za su kai shi sahun farko ba, amma jerin da ya ajiye shi nesa da goman farko ya raina tsaron gida.

A sahun Olajuwon ne ake samun Tim Duncan da Kobe Bryant masu kofi biyar biyar, da O'Neal mai huɗu, da Stephen Curry. Shi Curry ya sauya wasan ne baki ɗaya. An shigo da layin maki uku a 1979, aka daɗe ana yi masa kallon abin ado, sai ga shi ya ci jifa mai maki uku 402 a kakar 2015 zuwa 2016 kaɗai. Dokoki ma sun sauya: tun 2004 aka tsananta hana mai tsaro dafa abokin karawa da hannu, abin da ya buɗe wa masu gudu hanya. Duk wanda zai gwada makin yau da na shekarun 1990 sai ya sa wannan a lissafi.

Jerin ba na Amurkawa kaɗai ba ne kuma. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta doke Najeriya 156 da 73, amma a wasan sada zumunta a Las Vegas a 2021 Najeriya ta rama da 90 da 87. Arewa na da hannu a wannan tafiya: Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin 2019, a Zariya ya taso ya koyi wasan, garin da koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Kano Pillars kuma ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Daga 2019 zuwa 2025, duk wanda aka zaɓa gwarzon kakar NBA a wajen Amurka aka haife shi: Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka da iyayensa 'yan Najeriya ne, sau biyu, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, Joel Embiid haifaffen Kamaru, da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Antetokounmpo ya zuba maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofin 2021, na farko tun na Abdul-Jabbar shekara 50 baya, Jokic kuma ya ba Denver kofinta na farko a 2023.