Horar da Ƙwaƙwalwar Tsofaffi: Amfaninsa da Iyakarsa

Gabatarwa

Yayin da shekaru suka ja, akan sami rauni a wasu ayyukan ƙwaƙwalwa, musamman tuna abu da saurin fahimta. Horar da ƙwaƙwalwa shi ne tsararren atisayen da ake maimaitawa domin ƙarfafa irin waɗannan ayyuka. Muhimmancin batun a fili yake, domin tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa ba ya iya shan magani a kan ƙa'ida ko riƙe lissafin kuɗinsa.

Abin da Bincike ya Nuna

Fitaccen bincike a wannan fanni shi ne wanda ake kira ACTIVE, da aka fara a Amurka a 1998. Ya ƙunshi mutane kimanin 2,800 masu shekara 65 zuwa sama. An kasa su gida huɗu: rukuni uku sun sami horo a kan tuna abu, ko warware matsala, ko saurin fahimta, na huɗu kuwa ba a ba shi horo ba. Kowane horo zama goma ne cikin mako biyar zuwa shida.

Sakamakon 2002 ya nuna kowane rukuni ya ƙaru a fannin da aka horar da shi. Da aka sake dubawa bayan shekara goma, an tarar ƙaruwar warware matsala da ta saurin fahimta suna nan, amma ta tuna abu ta gushe.

Iyakar Horon

Abin lura a nan shi ne, ƙwarewa ba ta cika tsallakawa daga fanni zuwa fanni ba. Gwanin dara, alal misali, ba lallai ne ya tuna inda ya ajiye makulli ba. Rashin ƙwaƙƙwarar hujja ne ya sa a 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa masu manhajar Lumosity biyan dala miliyan 2, saboda zuzuta amfanin wasanninsu.

A Finland kuwa, binciken FINGER na 2015 ya haɗa horon da gyaran abinci, motsa jiki da lura da lafiyar jijiyoyin jini. Bayan shekara biyu, waɗanda aka yi wa haka sun ɗara sauran a gwaji.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa horo yana amfani, amma galibi a abin da aka horar. Saboda haka, bai kamata a dogara da shi kaɗai ba, sai a haɗa shi da kula da lafiyar jiki.