Tafiyar Tsofaffin Motoci Daga Landan Zuwa Brighton

Kowace shekara, ran Lahadin farko ta watan Nuwamba, masu tsofaffin motoci su kan taru a filin Hyde Park na birnin Landan tun da asuba. Rana na fitowa sai su kama hanyar Brighton, wani gari a bakin teku, tafiyar wajen mil 60. Ba a karɓar mota sai wadda aka ƙera kafin 1905.

Asalin abin kuwa wata doka ce ta 1865, wadda ta hana abin hawa mai inji wuce mil 4 a awa, kuma sai wani ya wuce gaba a ƙasa riƙe da jar tuta. Da aka sassauta dokar a 1896 zuwa mil 14, sai masu motoci suka yi wannan tafiya don murna. Shi ya sa har wa yau a kan yaga jar tuta kafin a tashi.

Su kan ƙetare kogin Thames, su bi ta Croydon, su yada zango a Crawley a sha shayi a duba inji. Amma wuyar aikin tana gaba, watau a tuddan South Downs. Wurin akwai kyan gani, ga makiyaya kore shar, sai dai direba ba ta kallo ya ke ba, don wata motar sai fasinja sun sauka sun tura ta, sau da yawa cikin sanyi da yayyafi. Ba tsere ba ne. Duk wanda ya isa bakin teku kafin ƙarfe 4.30 na yamma a kan ba shi lamba, na farko da na ƙarshe duk ɗaya.