Injin da ke gina wa yara kayan taimakon numfashi da ji

Kowa ya san aikin injin ɗab'i. Shi ne ya buga wannan jarida da ke hannunku. Yana zuba tawada a kan takarda, rubutu ya fito. To, akwai wani sabon injin ɗab'i wanda ba rubutu yake fitarwa ba. Abu yake ginawa, wanda za a ɗauka a riƙe a hannu. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun fara aiki da shi domin ceton yara.

Yaya injin yake aiki?

Wanda ya taɓa zuwa Mirya ya ga yadda ake ginin tukunya. Mai gini tana ɗora yumɓu bisa yumɓu, tana zagayawa, har tukunya ta tashi. Haka wannan inji yake yi. Yana ɗora roba ko ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin farce ba. Wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya sami takardar mallakar irin wannan fasaha a shekarar 1986.

Kafin a fara gini, sai an ɗauki hoton cikin jikin yaro da na'urar asibiti. Kwamfuta ta auna tsawo da faɗin wurin da ke da ciwo. Daga nan injin ya gina abin daidai da awon wannan yaro shi kaɗai, kamar yadda tela yake ɗinka riga da awon mai ita.

Karan ɗori na hanyar iska

Iskar da muke shaƙa tana bin wani bututu daga maƙogwaro. A cikin ƙirji bututun ya rabu biyu, kowane reshe ya shiga huhu ɗaya. Guringuntsi ne yake riƙe bututun a buɗe. Akwai jariran da ake haifa da guringuntsi mai laushi ƙwarai. Idan sun fitar da numfashi, ko sun yi kuka, sai bututun ya lotse, iska ta kasa wucewa. Yawancinsu suna samun sauƙi da kansu wajen shekara 2 zuwa 3, lokacin da guringuntsi ya yi ƙwari. Amma wanda nasa ya yi tsanani yana iya rasuwa kafin lokacin.

A watan Fabrairu na 2012 likitocin asibitin yara na Jami'ar Mishigan, a Amurka, suka yi wa wani jariri aiki. Watansa 3 da haihuwa, kuma inji ne yake hura masa iska. Likita Glenn Green da malamin jami'a Scott Hollister suka gina masa wani ɗan kwaroro na roba. Aka ɗinka shi a bayan reshen bututun da ya lotse, ya riƙe shi a buɗe. Bayan kwana 21 aka raba yaron da injin numfashi.

Wannan dabara ta yi kama da aikin maɗori. Maɗori yana ɗaura kara a bayan hannun da ya karye har ƙashi ya haɗe. Amma wannan karan ba a kwance shi. Robar tana narkewa a cikin jiki sannu a hankali, cikin kamar shekara 3. A shekarar 2015 likitocin suka ba da rahoton yara 3 da aka yi wa wannan aiki, dukansu suna raye. Har yanzu aikin yana da tsada, kuma a manyan asibitoci kaɗan ake yin sa.

Gyaɗa a hanyar iska

A ƙasarmu ta Damagaram akwai wani haɗari da ya fi wannan yawa. Daga Magarya zuwa Matamaye da Kance ana noman gyaɗa. Idan kaka ta yi, gyaɗa tana ko'ina a tsakar gida. Bututun iskar ƙaramin yaro bai wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba. Kuma ba shi da turamen haƙora na tauna. Yana wasa ko yana dariya, sai ƙwaya ɗaya ta bi hanyar iska.

Likita yana ciro ta da wani siririn ƙarfe mai rami da fitila, bayan an sa yaro barci. Aiki ne mai wuya, mai son hannun da ya saba. A da, sabon likita yana koyo ne a jikin majiyyaci, babbansa na tsaye a kansa. Yanzu ana gina maƙogwaron yaro na roba da wannan inji, a sa masa ƙwaya a ciki. Ɗalibi ya yi ta gwadawa har hannunsa ya faɗa, ba tare da an taɓa ɗan kowa ba.

Taimakon kunne

Sanƙarau yana cikin cututtukan da ke kurmantar da yara. Jiharmu ta san shi, domin ko a ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya ɓulla a nan. Yaron da jinsa ya ragu ana iya sa masa na'urar ƙara ji. Dole ne ɓangaren da ke shiga kunne ya zauna daidai. Yau yawancin waɗannan ɓangarori da injin ɗab'i ake yin su. Kunnen yaro yana girma, saboda haka sai an riƙa sake masa sabo.

A nahiyarmu ma an taɓa abin kirki. A watan Maris na 2019, a birnin Piritoriya na Afirka ta Kudu, Farfesa Mashudu Tshifularo ya sa wa wani babban mutum ƙananan ƙasusuwan cikin kunne da aka gina da wannan inji.

Aikin iyaye

Duk ƙwarewar likita, sai an kai masa yaro da rai. Saboda haka a kiyaye waɗannan abubuwa.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ɗungurungum. A daka ta, ko a dama masa kunu. A kawar da wake, da ƙwallon magarya, da duwatsun ado daga inda yake rarrafe.

Idan jariri ya shaƙe, ya kasa kuka da tari, a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa. A buga tsakanin kafaɗunsa sau 5. In abin bai fito ba, a juya shi, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5, sannan a sake. Kada a zura yatsa ana lalube, domin yana ƙara tura abin ciki.

Idan yaro ya sarƙe da tari farat ɗaya, sannan ya yi shiru, kada a ce ya warke. Ƙwayar tana iya sauka cikin huhu, ta kawo zazzaɓi da tari bayan kwanaki. A kai shi gidan likita mafi kusa, a gaya wa malamin asibiti abin da yake ci. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram.

Jaririn da numfashinsa ke ƙara, ko ramin wuyansa ke lotsawa, ko leɓɓansa suka sake launi, asibiti yake bukata a ranar. Kada a kai shi cire beli. Cire beli ba ya buɗe hanyar iska, sai dai ya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta.

A kai yara rigakafin sanƙarau da mashaƙo da ƙyanda. Kunnen da ke zubar da ruwa a nuna wa likita, kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye.

Masu bincike suna nasu ƙoƙari, mu ma mu yi namu. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.