Porsche 911: Motar da ta ƙi sauya kamanni tsawon shekara 60

A duniyar motocin tsere, kaɗan ne suka daɗe kamar Porsche 911. Kamfanin Porsche da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus ya fara nuna ta ne a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, da sunan 901. Sai dai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya hakkinsa ce, kamar dai 504 da aka sani a titunanmu. Dalili ke nan aka mayar da ita 911.

Abin da ya bambanta ta shi ne mazaunin injinta. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya zana ta da inji mai silinda shida a can baya, wanda iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Ƙarfinsa na doki 130 ne. Nauyin da ke baya yana sa tayoyi su kama ƙasa sosai wajen tashi, amma a kwana yakan sa bayan motar ya zame. Don magance haka, injiniyoyi sun taɓa sanya ƙarfe mai nauyi cikin bambar gaba, kafin a 1968 su ƙara tazara tsakanin tayoyin gaba da na baya.

A ƙarshen shekarun 1970 motar ta kusa zama tarihi, domin an fito da samfurin 928 mai inji a gaba don ya gaje ta. Masu saye suka ƙi sakin tsohuwar, kuma a 1981 sabon shugaban kamfanin, Peter Schutz, ya soke shirin dakatar da ita. Bayan shekara uku, wata 911 da aka gyara musamman ta lashe tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa hamadar Nijar.

Sauyi mafi girma ya zo a 1997, lokacin da dokokin hayaƙi da ƙara suka sa aka koma sanyaya injin da ruwa. Masoyanta sun yi ƙorafi, amma ciniki bai tsaya ba: a 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya, a 2024 kuma aka fito da mai haɗa fetur da lantarki. Duk da haka, har gobe injin yana nan a baya.