Hatimin da ke buɗe taswira: wa ke riƙe da mabuɗin manhajarmu?

A ɗauka wani matashi a Ƙanƙara ya kwana uku yana haɗa manhajar waya domin wata ƙungiyar manoma, wadda za ta nuna inda gonar kowane memba take da inda za a tara masara bayan girbi. A wayarsa komai lafiya lau: ga titin Funtuwa, ga Sheme, ga 'Yankara, yana ja da yatsa taswira tana binsa. Sai ya ɗora manhajar a Play Store, sakataren ƙungiya ya sauke ya buɗe, bai ga komai ba sai fili mai ruwan toka da sunan Google a kusurwar ƙasa. Abin da kowa zai fara cewa shi ne babu sabis, kuma a yankin da sabis ke zuwa yana tafiya wa zai musa? Amma sau da yawa laifin na wani ɗan ƙaramin fayil ne da ake kira mabuɗin sa hannu. Masu koyon haɗa manhaja suna ɗaukarsa wahalar banza da za a tsallake da sauri. A ganina shi ne abu na farko da ya kamata duk mai biyan kuɗin a yi masa manhaja a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya tambaya, domin wanda ke riƙe da shi shi ne mai manhajar na haƙiƙa.

Bahaushe ya san hatimi tun kafin zuwan kwamfuta. Wasiƙun sarakunan Daular Sakkwato da hatimi suke tafiya, kuma wanda aka aika wa yakan duba shi kafin ya gaskata abin da ke ciki. Tsarin Android, wanda ya fito a 2008 kuma shi ne a kan mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu, a kan wannan hikima ya ginu. Waya ba ta karɓar manhajar da ba a sa wa hannu ba. Mai haɗa manhaja yana ƙirƙirar mabuɗi na sirri, wato wata doguwar lamba da ke ajiye cikin fayil mai kalmar sirri, ya buga ta a kan manhajar kamar hatimi. Idan sabon zubin manhajar ya zo, waya takan gwada hatiminsa da na wanda ke kanta. In sun saɓa sai ta ƙi ɗora shi a kai. Shi ya sa jabun WhatsApp da ake turawa ta Xender ba sa hawa kan na asali: wanda ya taɓa cikin manhaja dole ya sake buga mata hatimi, kuma na kamfanin ba ya hannunsa.

To me ya haɗa hatimi da taswira? Taswirar da ke cikin manhaja ba a wayar take zaune ba, daga rumbun Google ake ɗebo ta duk lokacin da aka buɗe. Kafin Google ya bayar sai an nuna masa wani mabuɗi na biyu, na izini, wanda mai manhaja ke karɓa a shafin Google Cloud. Matsalar ita ce wannan na biyun a cikin jikin manhajar ake rubuta shi, kuma duk wanda ya samu fayil ɗin ya iya ɗan aiki zai iya tono shi. Maganin da aka tanada shi ne a ɗaure mabuɗin izini da abu biyu: sunan rajistar manhajar, da dangwalen hatimin. Dangwalen nan, wanda ake kira SHA-1, haruffa ne da lambobi guda 40 da ake jerawa bibbiyu, ana fitar da su da wata 'yar manhaja mai suna keytool ko daga cikin Android Studio, inda ake haɗa manhajar. Yadda ɗan yatsa ke shaida mutum a takardar banki ba tare da an yanke yatsan an bar shi a can ba, haka dangwale ke shaida hatimi ba tare da tona asirinsa ba. Idan manhaja ta nemi taswira, sai a duba sunanta da dangwalenta. In sun dace da abin da aka rubuta, taswira ta fito, in ba su dace ba, sai wannan fili mai ruwan toka.

Inda matashinmu ya yi tuntuɓe shi ne hatimin ba ɗaya ba ne. Akwai na gwaji, wanda Android Studio ke ƙirƙira da kansa a kowace kwamfuta, har kalmar sirrinsa kowa ya sani, shi ya sa Play Store ba ya karɓar manhajar da ke ɗauke da shi. Akwai wanda mai manhaja ke ƙirƙira domin ɗora aikinsa. Sannan tun watan Agustan 2021 duk sabuwar manhaja da ta shiga Play Store, Google ne ke buga mata hatimin ƙarshe da wani mabuɗi da yake ajiyewa a wurinsa. Hatimi uku ke nan, dangwale uku. Wanda ya rubuta na gwaji kaɗai zai ga taswira a wayarsa, jama'a kuwa su ga toka. Gyaran bai fi aikin minti goma ba: ya shiga Play Console ya kwafo dangwalen hatimin ƙarshe, ya ƙara shi a kan mabuɗin izini, ya ɗan jira. Sai dai da yawa ba wannan hanya suke bi ba. Sukan cire ɗaurin gaba ɗaya, taswira ta fito nan take, su ɗauka sun gama aiki, alhali sun bar ƙofar rumbu a buɗe ne suka tafi barci.

Wani zai ce duk wannan tsirfar 'yan birni ce, me ya shafi manomi a Daudawa? Tarihin kusa ya ba da amsa. Daga wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna a Kano da sauran jihohin arewa, tare da ƙungiyar eHealth Africa, suka koma zana taswirar ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan Adam, ma'aikatan riga-kafi kuma suna yawo da wayoyin da ke nuna inda suka taka. Ta haka aka gano unguwanni da rugage da taswirar hannu ta manta da su, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Taswira a waya ta riga ta yi wa ƙauye aiki. Amma a yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, sanin inda gonar wane take, ko ranar da ake tara amfani a wuri kaza, bayani ne da ke iya jawo asarar dukiya ko ta rai. Idan mabuɗin sa hannu ya faɗa hannun mugu, zai iya haɗa gurɓatacciyar manhaja mai ɗauke da hatimin gaskiya, a yi ta turawa daga waya zuwa waya a kasuwa, wayoyin kuma su karɓe ta hannu bibbiyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: wannan ai dabarar Google ce ta karɓar kuɗi da ɗaure mutane. Akwai gaskiya a ciki. Tun 2018 kamfanin ya wajabta buɗe asusun biyan kuɗi kafin a sa taswirarsa cikin manhaja, kuma daga 2022 zuwa 2025 bankunan Najeriya da dama suka rufe sayayya a ƙetare da katin naira, abin da ya bar matasa da yawa suna neman aron katin dala. Sai dai wannan hujja ce ta a ƙara ɗaure mabuɗi. Nuna taswira zalla a Android ba a cajinsa, amma neman wurare da lissafin hanya ana cajinsu idan aka wuce kason kyauta, don haka wanda ya sace mabuɗin da ba a ɗaure ba shi zai ci, mai katin ya biya. Ɗaurin ma ba katangar ƙarfe ba ne, shi ya sa mai hankali ke ƙara sa iyakar yawan amfani a kowace rana. Batun bar wa Google ajiyar hatimin ƙarshe kuwa, yana da farashinsa, tunda amana ce aka damƙa wa baƙo, amma yana da riba: wanda ya ɓatar da mabuɗin ɗorawa zai iya neman a sauya masa, abin da a da ba ya yiwuwa.

Ƙorafi na uku shi ne na sabis. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet, a irin wannan lokaci ado ce kawai. Saboda haka akwai hikima a duba OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa da kansu tun 2004, wadda ake iya saukewa a ajiye cikin waya, kamar yadda OsmAnd ke yi. Wanda ya bi wannan hanya zai iya rabuwa da mabuɗin izinin Google. Abin da ba zai rabu da shi ba shi ne hatimi, domin Android ce ke neman sa, kowace taswira aka zaɓa. Hasali ma a inda manhaja ke yawo ta Xender ba ta Play Store ba, babu mai sauya wa kowa mabuɗin da ya ɓata. Kwamfuta ta lalace, ko mai haɗa manhajar ya yi fushi ya tafi da fayil ɗinsa, to sai dai a yi sabuwa, kowa ya goge tsohuwa, bayanan da ke cikinta su bi ta.

Don haka ƙungiyar manoma, ko asibiti, ko ƙaramar hukuma da ta ba da kwangilar manhaja, ba sai shugabanta ya iya kwamfuta ba kafin ya kare haƙƙinsa. Ya tabbata asusun Play Console da na Google Cloud da sunan ƙungiya aka buɗe su. Ya karɓi kwafin fayil ɗin mabuɗi a ajiye a wuri biyu, kalmar sirri kuma a wani wurin dabam, kada a taɓa tura su ta zauren WhatsApp. Ya sa a nuna masa taswira tana aiki a wayar da ba ta mai haɗawa ba, a kuma nuna masa cewa mabuɗin izini a ɗaure yake. Wanda ya sayi gida ba ya barin makulli a aljihun magini. Kada a biya cikon kuɗin aiki sai mabuɗi ya shigo hannu.